Ranar Da Allon Saba Ya Ɗauke

Akwai wani mutum da ke aiki a wani kamfanin jigilar kaya, abokan aikinsa suna ce masa Na-Sanyi. Sunan ya samo asali ne daga ɗakin da yake wuni, wani ɗan ɗaki marar taga a ƙarshen baranda, inda na'urar sanyi ke aiki ba hutu. Ko ana zafin da ke sa direbobi tuɓe riga, shi da rigar sanyi za ka gan shi.

A ɗakin nan ake ajiye saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfanin kaf: wannan kayan na wane ne, wace mota za ta ɗauka, wa za a miƙa wa. In ta tsaya, kamfani ya tsaya. A gefenta akwai tebur da allo guda, ta nan ake leƙa abin da take ciki.

Su biyu ke kula da ita, Na-Sanyi da wani da ake kira Injiniya. Injiniya ya san aiki, ba za a hana shi wannan ba, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Mai kamfanin, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Hajiya, ta riga ta faɗa cewa ƙarshen wata za ta ɗora ɗayansu shugaban sashen, ta damƙa masa mukullin ɗakin. Na-Sanyi ya daɗe yana jiran kujerar nan, har ya yi wa matarsa alkawarin za su bar ɗakin haya.

Wata safiya allon ya ɗauke, ya yi baƙi ƙirin. Na-Sanyi ya duƙufa, ya canja wayar allon, ya buɗe cikin saba, ya yi ta haƙilo har azahar. Injiniya na tsaye a bakin ƙofa yana kallonsa, ya ga matsalar tun farko amma ya yi gum. Sai da ya kunna kyamarar wayarsa, sannan ya tako ya danna wani ɗan maɓalli a gefen allon. Ashe mai shara ce ta taɓa shi wajen goge ƙura. Allo ya kawo tar.

"Wuni guda, Malam!" in ji Injiniya yana ƙyaƙyata dariya. "Da ka tambaye ni ai da na rage maka wahala."

Kafin la'asar bidiyon ya zagaye wayoyin ma'aikata. Direbobi suka sa masa Malam Duhu. Maigadi ma, da ke rusuna masa da, in ya hango shi sai ya ce, "Malam, yau akwai wuta kuwa?"

Jama'a, akwai mutanen da in ka ɓata musu rai za su wanke ka tas a wurin, a wuce. Na-Sanyi ba ya cikinsu. Shi murmushi ya yi tare da masu dariyar, ya tafi gida ya kasa cin abinci. Abin ya tsaya masa a ƙirji. Ya ci alwashin sai ya ga Injiniya yana zufa a gaban allon nan, kuma a gaban Hajiya.

Hajiya tana da wata ɗabi'a. Duk ranar da ta zo zagaye sai ta shiga ɗakin saba, ta tsaya a gaban allo, ta ga korayen layukan nan suna motsi. Ba ta san me suke nufi ba, amma in ta ga kore hankalinta ya kwanta.

Shi kuma Na-Sanyi ya san wani abu da Injiniya bai taɓa kulawa da shi ba. Sabar tana da kafar jona allo guda biyu, ɗaya a baya inda wayar allonsu take, ɗaya a gaba, a ɓoye bayan wani murfi. Da zarar an jona wani abu a ta gaba, sai ta baya ta ɗauke. Sabar na nan tana aikinta lafiya lau, allon ne kawai zai yi duhu.

Ana gobe Hajiya za ta zo, da aka tashi aiki, ya ɗaga murfin, ya cusa wani ɗan guntun filogi wanda bai wuce ɗan yatsa ba, ya mayar da murfin. Allo ya mutu nan take. Ya tsaya yana kallon fuskarsa a cikin baƙin gilashin, ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. Sannan ya nemi izinin gobe, wai zai kai yara asibiti.

A ransa ya ce ai ba ɓarna ya yi ba. Injiniya zai ɗan sha kunya, a kira shi, ya zo ya gyara a gaban kowa. Shi ke nan.

Washegari da hantsi yana zaune a tsakar gida, yara suna makaranta garau, sai wayarsa ta fara ƙara. Injiniya ne. Ya ajiye ta a kan tabarma yana kallo har ta katse. Ta sake ƙara, ya sake kallonta.

Matarsa ta fito da bokitin wanki ta ce, "Baban 'yan biyu, ba wayarka ce ke kuka ba?"

"Bar ta ta yi kukanta. Ni ma na yi nawa."

Sai ga saƙon murya. Muryar Injiniya ce, amma duk taƙamar nan ta zube. "Abokina, don Allah ka ɗauka. Allon nan ya ƙi kawowa. Na canja waya, na kawo wani allon daga kantar karɓar kaya, duk shiru. Ga Hajiya a tsaye a kaina."

Na-Sanyi ya kwashe da dariya har da buga ƙafa. Ya sake kunna saƙon, ya kuma sakewa. Wai yau shi ne abokina!

Can sai wani saƙon ya shigo. "Ka ji, faifan ajiyar bayanai ɗaya ya mutu da safe, na sa sabo, sabar tana kan kwafe bayanai a kansa. Masu kanta suna ta ƙorafin ta yi nauyi. Ban sani ba ko ta sandare ce. In kashe in kunna, ko in bari?"

Nan dariyar ta tsaya. Na-Sanyi ya san amsar kamar yadda ya san sunansa. Saba in tana kwafe bayanai a sabon faifai dole ta yi nauyi, kuma ba a katse mata wuta sai ta gama. Ya ɗauki wayar ya rubuta, "Kar ka kashe." Yatsansa na kan maɓallin aikawa, sai bidiyon nan ya faɗo masa a rai, da dariyar direbobi, da tambayar maigadi. Ya goge rubutun.

"Ba Injiniya ba ne?" ya faɗa a fili. "Ai ko ɗan koyo ya san wannan."

Matarsa ta tsaya da matsar zanin da ke hannunta. "Ni dai ban san me ke tsakaninku ba, amma mutum na roƙonka da Allah. Ka amsa masa, ka rama wata rana."

"Yau ce wata ranar," in ji shi.

Bayan azahar Hajiya da kanta ta kira. "Ɗan nan, duk inda kake ka zo yanzu."

Ya yi wanka a natse, ya sa kayansa masu kyau, har da turare. Ya isa ya tarar da motoci jere a tsakar kamfani ba a loda ko ɗaya ba, mutane sun cika gaban kanta suna hayaniya. Ya wuce su yana taku ɗaiɗai, direbobi suna buɗa masa hanya.

A ɗakin saba, Injiniya ya jiƙe sharkaf da gumi duk da sanyin ɗakin. Alluna sun cika tebur, wayoyi a warwatse a ƙasa. Hajiya na zaune a kan kujera, ta riƙe jakarta a cinya, manaja na tsaye a bayanta.

"Me ka yi wa sabar?" in ji Na-Sanyi.

"Na zare wutarta na mayar," Injiniya ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Bai kawo ba, na sake. Na yi ta yi."

Na-Sanyi ya san me hakan ke nufi, amma ya dake. Ya daɗe yana shirya wannan lokaci, ba zai bari ya suɓuce masa ba. Bai kalli allo ba, bai taɓa waya ko ɗaya ba. Ya nufi gaban sabar kai tsaye, ya kare ta da jikinsa, ya ɗaga murfi, ya zare ɗan filogin ya damƙe a hannu. Allo ya kawo tar.

"Wuni guda, Injiniya!" ya ce da ƙarfi yadda na baranda ma za su ji. "Da ka tambaye ni ai da na rage maka wahala."

Wasu suka yi dariya, wani direba har da tafi. Na-Sanyi ya juya zai nuna wa Hajiya korayen layukanta.

Babu kore ko ɗaya. Jan rubutu ne ya cika allon daga sama har ƙasa. Faya-fayan sun hargitse, sabar ba ta ganin bayanai ko kaɗan. Ajiyar kwafin bayanan da suke da ita a gefe kuwa ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, domin kowannensu yana jiran ɗayan ya sabunta ta. Duk kayan da aka karɓa tun daga lokacin, yanzu babu wanda ya san na wane ne, ko ina za su.



Hajiya ba allon take kallo ba. Shi take kallo.

"Ɗan nan," ta ce, "tun safe nake zaune a nan. Wannan ya duba baya, ya duba ƙasa, ya canja duk abin da ake canjawa. Kai ka shigo ko sallama ba ka gama ba, ka nufi wuri ɗaya. Ni ban san kwamfuta ba, amma na raini yara. In abu ya ɓata a gida, wani ya shigo ya ɗaga matashi ya ɗauko ba tare da ya nema ba, ba na tambayar wa ya ɓoye."

"Ranki ya daɗe, ƙwarewa ce kawai..."

"Buɗe hannunka."

Ya kalli manaja, manaja ya kawar da kai. A hankali ya buɗe hannun, ga ɗan filogin nan ya jiƙe da gumi.

Injiniya ya zabura. "Kai ne? Na kira ka! Na tambaye ka ko in kashe!"

"Kai ma rufe min baki," in ji Hajiya. "Bidiyon da ka ɗauka har wayata ya zo. Na yi shiru ne in ga ko za ka ji kunya ka nemi afuwarsa, ba ka nema ba. Yau kuma tsoron kada in ga ka kasa ya sa ka yi ta zare wuta kamar mai wasa da fitila."

Ta miƙe, ta zare mukullin daga jikin ƙofa, ta jefa a jakarta. "Gobe zan kawo mutane daga waje su ga abin da za a iya cetowa. Ku biyun ku ajiye katin aikinku a wurin maigadi."

A hanyar fita Na-Sanyi ya bi ta gaban kanta. Wata mata ta riƙe hannun ma'aikaciyar wurin tana kuka, wai maganin mahaifinta ne a cikin wani ƙaramin kwali, yau aka ce zai isa. Bayan ma'aikaciyar kuwa kwalaye ne jibge har rufi, duk iri ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri.

Ya isa gida ya tarar matarsa ta kwashe shanya tana ninkewa. Ta ga kayan jikinsa, ta tuna yadda ya fita yana ƙamshi, sai fuskarta ta washe.

"Sannu da zuwa, Baban 'yan biyu. An ba ka kujerar?"

Ya zauna a bakin ƙofa, ya fara kwance igiyar takalminsa.

Darasi: Wanda ya wulaƙanta abokin aikinsa don a yi dariya, ya sani ya shuka gaba a inda yake neman abinci. Wanda kuma aka wulaƙanta, in ya zaɓi ramuwa, ba shi ke yanke inda za ta tsaya ba: za ta ci wanda ya nufa, ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, ta dawo ta ci shi. In an ɓata maka, ka faɗa a fili ko ka bar wa Allah, amma kada ka riƙe amsar da za ta hana ɓarna don kawai ka ga wani yana zufa. Ku tura wa abokan aikinku, musamman waɗanda kuka san ba sa ga maciji da juna.