Idon da Hayaƙi Yake Nema

Dalilin da ya sa hayaƙi ba ya barin idon mutum ya huta, ku matso ku ji, ku bar murza ido kuna zaginsa, don shi ba shi da laifi. Masu laifin suna nan da ransu. Akwai wata a unguwar nan, ba sai an kama suna ba, bututun murhunta rabonsa da tsintsiya tun kafin ta yaye ɗanta, ga yaron nan yanzu har kasuwa ake aikensa. Kullum tana girki tana hawaye, wai itacen ne ba shi da kyau. Itace! To, irinta ce ta jawo mana wannan fitina tun farko.

A zamanin da, Hayaƙi saurayi ne mai ladabi, fari tas, ba yaji, ba ƙauri. Uwarsa ita ce Wuta. Ranar da Wuta ta yarda ta zauna a murhun mutane, sharaɗi ɗaya ta kafa musu. Ta ce, "Ɗana ba mazauni ba ne, sama yake tafiya. Ku gina masa hanya, ku riƙa share ta. In zai wuce yana goge ƙafarsa a bango, wannan baƙin da yake bari shi ne kunkunniya. In ta yi kauri, abincina ce. Ni kuwa in na ji ƙanshin abinci, ba na iya riƙe kaina. Na faɗa muku."

Mutane suka amsa. Kowa ya gina bututun laka a bayan murhu, ya ratsa jinka ya fita waje. Lokaci-lokaci, in murhu ya huce, maigida ya ɗaura tsintsiya a bakin doguwar gora, ya zura ta, ya karkaɗe baƙin ya zubo, a kwashe. Aka zauna lafiya.

To, a wani ƙauye akwai wata mata, Tabawa, matar wani manomi mai suna Nomau. Kamar kowa, a ɗakin girki suke rataye masarar da suka ware ta iri, can saman murhu, don in an hura wuta Hayaƙi yakan leƙo ya shafa ta kafin ya kama hanyarsa, ƙwari kuwa ba sa son inda ya taɓa. Amma bara ƙwari sun ci irin Tabawa, suka mai da shi gari. Dole ta ɗauki ƙwarya ta je roƙo wurin ƙanwar mijinta, Hajo, mai bakin da ba ya rufuwa. Hajo ta auna mata, ta raka ta har bakin zaure tana cewa, "Matar Yaya, ki riƙe da kyau, kada ƙwarin su biyo ki a hanya, na ga sun saba da ke."

Maganar nan ta tsaya wa Tabawa a wuya. Ta rantse bana ko ƙwaro ɗaya ba zai ɗanɗana mata iri ba, kuma ƙafarta ba za ta sake taka gidan Hajo da ƙwarya ba.

Tana zaune gaban murhu wata rana, sai tunani ya zo mata. Ita Tabawa akwai son bin diddigi. Ta ce a ranta, shin in shafa ɗaya tana korar ƙwari, in Hayaƙi ya yini a ɗakin fa? Sai ta ce, "Hayaƙi, ɗan albarka, me kake sauri haka? Zauna ka taya ni hira."

Ya ce, "Baba, ki yi haƙuri, ni ba a halicce ni da zama ba. In na tsaya jikina nauyi yake yi." Ya shige bututu ya tafi.

Tabawa ta yi ƙwafa.

Da Nomau ya zo da gorarsa zai share bututu, ta tare ƙofa. "Malam, ina zuwa da wannan sandar?"

"Shara mana. Ba ki ga ya fara cushewa ba?"

"Cushewar nake so. In hanya ta matse, dole ya rage gudu."

"Ke Tabawa, kin manta abin da uwarsa ta ce?"

"Uwarsa ni ke ba ta abinci safe da yamma, ni na san halinta. Ka taɓa ganin na shigo gonarka na ce ga yadda za ka yi kunya? To, bar mini ɗakina."

Nomau mutum ne mai gudun hayaniya. Ya jingine gora ya fita.

Daga nan ta koma hura ɗanyen itace, don shi ke sa Hayaƙi ya fito da kauri. Ƙafafunsa suka riƙa jiƙewa, abin da yake gogewa a bango ya daina zama gari, ya koma danƙo, baƙi ƙirin, yana ƙyalli. Hanya ta tsuke. Duk da haka yana kutsawa ya fita. Abin bai ishe ta ba. Ran nan da hantsi, ta ɗora tukunya, ta zagaya bayan ɗaki, ta kafa tsani, ta hau da fasasshen kasko, ta kife a bakin bututun. Saura 'yar kafa. Son ganin ƙwaƙwaf ya hana ta sauka, ta kara ido ɗaya a kafar don ta ga yadda zai yi.

Hayaƙi ya taho a guje, ya yi karo da kasko. Ya ɗaga kai, cikin duhun nan bai ga komai ba sai ido ɗaya yana kallonsa. Ya ce, "Wane ne? Don Allah buɗe mini!" Ido ya ɓace.

Ya juyo ya cika ɗaki. Ya zaga, ya zaga, ya rasa mafita sai ƙofa da tsakanin ciyawar jinka. Kwana da kwanaki yana haka, farinsa ya dushe, ransa ya ɓaci, ya fara yaji. Masara kuwa ta yi baƙi sumul, ko ƙuda ba ya sauka a kanta. Tabawa tana tari tana murna.

Wuta ta ce, "Tabawa, numfashina ba ya fita. Me ya sami hanyar ɗana?"

Ta ce, "Oho. Wataƙila tsuntsu ne ya yi sheƙa."

Da damina ta matso, Nomau ya kira gayyar sharar gona. Abincin mutane da yawa ba ya dahuwa da ɗanyen itace, sai Tabawa ta cusa busasshen kara da ƙirare har bakin murhu, ta kama fifita. Wuta ta miƙe tsaye. Harshenta ya kai bakin bututu, ya lashi danƙon nan.

Ta ce, "Tabawa, janye karan nan! Na ɗanɗana!"

"Tuwon gayya ne, ki ci ki ba ni wuri."

Ai kuwa ta ci. Sai aka ji rugugi a cikin bututu kamar hadari ya taso. Laka ta yi ja, ta tsage. Kasko ya tarwatse, tartsatsi ya watsu a kan jinka. Tabawa ta yi waje da muciya a hannu tana ihu, "Jama'a, iri! Ku ceto mini iri!"

'Yan gayya suka yar da fatanya suka sheƙo, wasu da tulu, wasu da ƙasa. Kafin su iso, sai ga wata ƙara daga cikin wutar, fat, fat, fat-fat-fat. Masarar iri ce take fashewa, tana tsalle, tana zubowa tsakar gida fari fat. Irin shekara guda ya zama gugguru.

Aka kashe wuta, ɗaki ya zama toka. Hajo, da ta zo taya aiki, ta tsuguna ta tsinci gugguru ta jefa a baki. Ta ce, "Matar Yaya, gaskiya bana kin yi maganin ƙwari. Wannan ko su ba za su gane shi ba. In kin tashi zuwa, ki taho da babbar ƙwarya."

Nomau ya tsinci wani abu a cikin toka, ya jujjuya. "Wannan ai kasko ne. Wa ya kai kasko bakin bututu?"

Tabawa ta ce, "Ni ma abin da nake tambaya ke nan."

Sai Hayaƙi ya taso daga garwashin da ya rage, baƙi, murtuk, ba sauran ladabi. Ya ce, "Ban ga fuska ba, amma na ga ido. In na sake ganinsa zan gane shi. Kowa ya tsaya."

Ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ya shiga idon Nomau, ya duba, hawaye ya zubo, ba shi ba ne. Ya shiga na Hajo, ta ƙunduma ashar, ba ita ba ce. Da ya doso Tabawa, sai ta runtse ido gam, ta sulale ta koma bayan mutane. Ya bi ta. Ta sake wuri, ya sake binta. Har rana ta faɗi ba ta buɗe ba, shi kuma bai gani ba balle ya tabbatar.

Washegari ta ɗauki ƙwarya ta nufi gidan Hajo, kanta a ƙasa. An ce har ta tsufa ta mutu, ba ta ƙara buɗe ido biyu a gaban murhu ba, shi ya sa tuwonta bai taɓa rabuwa da gudaji ba.

Shi ya sa har yau Hayaƙi bai daina bincike ba. In hanyarsa a share take, itace kuma busasshe, sauri yake yi, ba ya bi ta kan kowa. Amma ya taho ya tarar da ita a cushe, sai tsohon ɓacin ran ya motsa, ya juyo ya kama duba idanu, babba da yaro, har baƙon da ya shigo gaisuwa. Wanda ya runtse, ya ƙara zarginsa. Wanda ya tashi ya sake wuri kuwa, ya ce ga mai laifin nan yana gudu, ya rufa masa baya. Uwarsa ma tana nan da kwaɗayinta, jira kawai take danƙo ya yi kauri.

Mai cewa ƙarya ne, ga murhu can, ga ɗanyen itace. Ya hura, ya zauna, in ya ji yaji ya koma ɗaya gefen. In bai biyo shi ba, ya dawo nan da busassun idanu ya ƙaryata.