Saƙon da Ba a Ji Ƙarshensa Ba

An ce wai a wani gari, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina da jikoki suna aure a can, an yi wani Sarkin Kasuwa mai suna Tanimu. Mutum ne mai sanyin magana, mai jinkirin yanke hukunci, har masu gaggawa kan ce shari'arsa sai ka zo da tabarma. Amma ba a taɓa jin ya yanke an dawo ana kuka ba.

A kasuwar nan akwai doka tun ta kakanni: duk wanda ya ɓata wa ɗan'uwansa sana'a da baki, a karɓe rumfarsa a ba wani.

To, akwai wata mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sunanta Tasalla. Bazawara ce, ta manyanta, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma rumfar nan da ta gada wurin uwarta ita ce cinta, ita ce shanta. Shekara da shekaru 'yar ƙaramar waya take riƙewa, irin mai madannai da yara ke kira rakani-kashi. In ta gama magana sai ta soke ta a ƙugu, tsakanin zani da fata, ta ci gaba da murza tunkuza. Wayar ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Sai zamani ya juya. Masu sarin ƙuli daga birni suka ce su yanzu sai sun ga hoton kaya kafin su aiko mota. 'Yan kasuwa kuma suka buɗe guruf a waya, maza da mata, inda ake sanar da farashi da ranar shara da rasuwa da suna. Wanda ba ya ciki, sai dai ya ji labari bayan an gama. Tasalla ta ga ciniki yana wuce ta ta gaban rumfa, ta sayar da tunkiyarta, ta sayi babbar waya mai shafawa.

Ku zo ku ga ikon Allah. Hannun da ya saba danna madanni da ƙarfi, ga shi kullum cikin mai, aka ce ya shafa gilashi a hankali. In ta nufi kiran mai mota, sai ta ga fuskarta ta cika wayar, hanci kamar murfin tulu. Karatu ba ta yi nisa ba, don haka abu ɗaya ta riƙe da kyau: a ɗora yatsa a kan alamar nan ta ƙasa, a yi magana, a ɗaga, murya ta tafi. Da wannan ta samu masu sari har daga garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, wannan waya ba ta san bambancin yatsa da fatar ciki ba, kuma ana kashe mata fuska kafin a ajiye ta.

Wata ranar kasuwa, bayan azahar, Tasalla ta saurari sanarwa a guruf, ta soke wayar a ƙugu yadda ta saba. Sai ga maƙwabciyar rumfarta, Yalwa mai waina, ta jawo kujera ta zauna. Yalwa kuwa, Allah Ya ba ta baki, ni kaina ina sara mata. Ta fara da tsadar shinkafa, ta bi ta kan surukarta, ta sauka a kan Hajiya Goshi mai yaji, shugabar matan kasuwa. Ta ce wai yajin Hajiya rabinsa garin rogo ne da kala, shi ya sa ko ka zuba cokali guda ba ka atishawa. Tasalla dai tana ta aikinta, tana cewa uhm, uhm.

Duk wannan, fatar ciki ta danne alamar nan, waya tana ɗauka. Can da Tasalla ta zaro ta don ta duba ko la'asar ta yi, saƙo ya tafi guruf.

Kafin a tashi kasuwa babu rumfar da ba a ji ba. Kafin kwana biyu ya kai birni, har wani mai sari ya dawo wa Hajiya Goshi da buhun yajinta. Ni ba ni da irin wayar, a ta maƙwabciyata na ji, kuma don in tabbatar ne na sa ta maimaita mini.

Hajiya Goshi ta kai ƙara, ta ce daga wayar Tasalla ɓatancin ya fito, ga sunanta a kai, a bi doka. Yalwa ma, maimakon ta ɓuya, sai ta kai tata ƙarar, ta ce tarko aka ɗana mata, an ja ta da hira ana ɗaukar muryarta a ɓoye. Tasalla ta rantse ba ta san an yi ba. Wa zai yarda? Matar da kullum ake gani tana aika murya?

Sarkin Kasuwa ya shiga tsaka mai wuya. In ya karɓe rumfa, wataƙila ya zalunci marainiyar Allah. In kuma ya ce laifin waya ne, daga ranar kowa zai zagi wanda ya ga dama ya ce waya ce ta yi. Ya ce a ba shi zuwa kasuwa ta gaba. Tasalla ta yi kwanakin nan tana kallon rumfarta kamar mai sallama da ita.

Ranar shari'a aka taru a gindin durumin da ke bakin rumfar Sarki, har masu kifi da mahauta suka bar kayansu. Kowa ya faɗi nasa. Sarki ya saurara har suka gaji, sa'an nan ya ɗaga tasa wayar ya tambaya wa ya ji saƙon nan. Hannuwa suka tashi kamar gonar gero. Ya ce to, wa ya ji shi har ƙarshe?

Hannuwan duk suka sauka. Saƙon dogo ne, ya isa a dafa shinkafa a sauke. Kowa ya ji wurin yaji, ya ji Yalwa ta yi sallama, ya kashe ya ruga ya ba wani labari.

Sarki ya ce, "Ni na ji. Ba a yanke wa magana hukunci da rabinta. Ku zauna mu ƙarasa tare."

Ya ja saƙon zuwa inda Yalwa ta tashi. Aka ji ƙarar kujera, aka ji motsin tire, aka ji Tasalla ta yi gyatsa mai ƙarfi ta ce alhamdu lillahi. Mutane suka fara murmushi. Sai aka ji ta gyara murya, ta sirantar da ita kamar ta budurwa, tana magana ita kaɗai:

"Haba Malam, da girmana? Ka bari in yi shawara. A'a, ba haka zan ce ba, kar ya ɗauka ƙi nake. Malam, ai kai ma ka san gidanmu. In ka ga yayana, ni ba ni da ta cewa. Kai, Tasalla, mutumin da ko gaisuwar kirki bai iya ba sai ya zubar da canji, yaushe zai buɗe baki? Wayyo Malam..."

Tasalla, wadda kullum ke cewa gwiwa na damunta, ta yi tsalle ɗaya, ta kife tafin hannunta a kan wayar Sarki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka karɓi rumfar. Na yafe ta. Don girman Allah kashe."

Sarki ya kashe kafin suna ya fito. Da dariya ta lafa, ya ce:

"Kun ji da kunnenku. Matar da ta gwammace ta rasa rumfar uwarta da a ji wannan, ita ce za ta aika shi ga kasuwa duka da gangan? Tasalla ba ta ɗana wa kowa tarko ba. Rumfarta tata ce."

Tasalla ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ba a san ko kuka take ko dariya ba.

Hajiya Goshi ta ce to ita fa, buhunta da aka dawo da shi? Sarki ya ce yana zuwa. Ya ce Tasalla sau ɗaya ta aika, cikin rashin sani, kuma iyakarsa guruf. Mai sarin birni ba ya cikin guruf. To wa ya kai masa? Ya ce duk wanda ya tura saƙon nan ga wani ya ɗaga hannu, in kuwa an ƙi, za a duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Hannuwa suka tashi a hankali, kamar masu ciwon kafaɗa. Na ƙarshe shi ne na Hajiya Goshi kanta, wadda ta tura wa 'yan'uwanta da ƙawayenta don su ji abin da aka yi mata.

Sarki ya ce, "Ita Tasalla fatar ciki ce ta aika mata. Ku kuwa kun zaɓi suna, kun duba, kun danna da yatsa kuna sane. In na bi doka yau, sai dai in sayar wa awaki kasuwar nan."

Sai ya yanke. Yalwa, wadda ta amsa cewa ba ta taɓa ganin rogon da idonta ba, ta ɗauki sabon saƙo da bakinta ta ƙaryata kanta, kuma ta shaƙi yajin Hajiya a ciki. Ta shaƙa kuwa, ta yi atishawa har ɗankwalinta ya faɗi. Duk wanda ya tura na farko ya tura wannan ga mutanen da ya tura wa, ya kuma sayi yaji gwangwani guda. Tsohon saƙo kuma kowa ya goge shi nan take, kafin ya bar gindin durumi. Ita Tasalla, a nuna mata maɓallin gefe mai kashe fuskar waya, ta kuma ɗinka wa wayar jaka ta rataya a wuya. Kafin magariba buhun Hajiya ya ƙare, har tana cewa Yalwa ta gaida gida.

Kuna cewa sirrin ya mutu ke nan? Akwai wani Malam Isuhu mai busasshen kifi, wanda matarsa ta rasu, mutum mai kunya kamar amarya. Shi ma sabon shiga ne a wayar shafa. Ranar da saƙon ya zo ya taɓa shi, ya rasa yadda ake tsayarwa, ya yi ta shafa yana hurawa, har ya ji shi tas, da sunan da ke ƙarshe, ashe nasa ne. A gaban Sarki kunya ta hana shi ɗaga hannu. Bayan sati aka gan shi a zauren yayan Tasalla da ƙwaryar goro. Na ci tuwon bikin, miyar ta ji kifi.

Shi ya sa nake gaya wa jikokina: magana in ta zo hannunku, ku ji ta har ƙarshe kafin ku yanke wa mai ita hukunci, kuma ku sani wanda ya tura da saninsa ya fi wanda ta kuɓuce wa nauyin laifi.