Ƙudan Zuman Hakimi

An yi wani Hakimi mai ƙa'ida: duk abin da ya saya, asararsa na wuyan mai sayarwa har sai kayan sun haye dokin ƙofar zaurensa.

Rannan Tunau, wani mai sayar da zuma, ya kai masa ƙwaryar saƙar zuma. Hakimi na ɗaga faifai sai wani ƙudan zuma ya harbe shi a hanci.

"Ƙudanka ya cuce ni!" in ji Hakimi. "Mai da min hancina yadda yake, ko a ɗaure ka!"

Tunau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a ina ya harbe ka?"

"Nan cikin zaure mana!"

"Ashe ya haye dokin ƙofa. Naka ne, ranka ya daɗe. Da yana nawa, duk hanya ko tari bai yi ba."