Mangwaron Bayan Tankin Ruwa

An yi wani mutum, manomi, Allah ya ba shi gona da 'ya'ya maza uku. Ba ya shaye-shaye, sallah ba ta wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ya shiga hannunsa ba ya fita. Duk maƙwabcin da ya gaji da noma shi ke sayen gonarsa, har gonar ta kai sai da babur ake zaga ta. Amma fili ko kamar tabarma bai taɓa ce wa ɗansa "wannan naka ne" ba.

Ƙanana biyu suka gaji, suka tafi birni. Babban ya zauna. Shi ke shuka, shi ke feshi, shi ke gyaran injin ban ruwa. Har furfura ta fito masa, buhun taki ba ya buɗewa sai da izini, mabuɗin sito na rataye a wuyan tsoho.

Wata damina ɗan ya dasa 'yan mangwaro kusa da rijiya. Tsoho ya gani, ransa ya ɓaci. A wurinsa hatsi na shekara ne, amma mai dasa itace zama ya zo yi.

Ɗan ya ce, "Baba, don jikokinka na dasa."

Tsoho ya ce, "Ina numfashi kake rabon gadona? Ka jira in mutu mana!"

Ya bi 'yan mangwaron ya tuge a gaban jikokin. Mangwaro ɗaya ya ɓuya bayan tankin ruwa, tsoho bai gani ba. Ɗan ya kwashe iyalinsa ya tafi aikin gini, aikin da bai iya ba. Can ya faɗo daga bene. Sai bayan an binne shi labari ya iso.

Ya 'yan uwa, ƙarfi aro ne. Gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, ciyawa ta cinye gona. Tsoho ya kira sauran biyun, suka ce, "Baba, ba ka koya mana noma ba, wahala kawai ka koya mana." Dole ya sayar wa wani kamfani da gonar.

Kullum sai ya ja kujerarsa zuwa inuwar mangwaron nan da ya tsira, ya zauna yana shafa jikin itacen. Wallahi abin tausayi. Rannan mai gadin kamfanin ya zo ya ce, "Baba, ɗauke kujerarka. Gobe za a sare shi, tarakta ba ta samun wurin juyawa."

"Ɗana ne ya dasa shi."

"Ai ka sayar, Baba."

Wa ya tara wa? Rowa ba a kuɗi kaɗai take ba, ya 'yan uwa. Wanda ya hana ɗansa wuri alhali yana da yalwa, ya zalunce shi. Ka miƙa da hannunka tun akwai mai karɓa.

Allah ya kiyaye mu da riƙon da ke raba uba da ɗansa. Amin.