Yumɓun da Shayanzu bai sa ba

Akwai wani bakanike da ake kira Shayanzu, saboda komai nasa sha yanzu ne magani yanzu. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai gaggawa ta yi masa katutu, kuma ba ya ƙaunar a tambaye shi ko ya duba aikinsa.

Shi da ƙaninsa, Auta, sun gaji garejin mahaifinsu. A ƙuryar garejin akwai wata jar mota ta tsere, wadda marigayin ya haɗa injinta da hannunsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Auta ne ke tuƙa ta. Bai ɗauke ta a matsayin mota kawai ba, cewa yake in ya tayar da ita kamar yana jin gyaran muryar Baba.

Da wata gasar tsere ta matso, sai suka shawarta su canza wa injin roka. Roka wasu ƙananan ƙarafa ne da ke lilo a saman inji, suna danna bawul ya buɗe, iska da mai su shiga. Sababbin da suka samo sun fi tsofaffin danna bawul ƙasa, don motar ta ƙara ƙarfi. Amma in bawul ya zarce, fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a ƙarƙashinsa, zai doke shi. Shi ya sa Baba ya koya musu cewa kafin a rufe inji, a ɗora ɗan yumɓu a kan fistan, a ɗaure na gwaji, a juya injin da hannu, sannan a sake buɗewa a ga zurfin shaidar da bawul ya bari.

Shayanzu ya san wannan sarai. Amma aikin na nufin kwancewa da ɗaurewa sau biyu, shi kuwa ya ƙosa ya ji rurin injin. Ya dubi rokar, ya dubi yumɓun da ke kan benci, ya ce a ransa ai idon gwani ma'auni ne. Ya ɗaure komai, ya wurga yumɓun bayan katanga.

Da Auta ya dawo daga sayen baƙin mai, ya tambaya: "Yaya, ka gwada da yumɓun?"

"Tun kana rarrafe nake wannan aikin," in ji Shayanzu. "Na gwada, akwai fili."

Aka tayar da mota, ta yi ruri mai daɗi, har Auta ya riƙa zolayar yayansa wai ko jirgin sama ya kamata a ba shi gyara.

Ranar gasa, Auta ya shiga miƙaƙƙiyar hanya ya take totur. Sai aka ji wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta gangara gefe ta tsaya. Allah ya kiyaye, Auta ko ƙwarzane bai yi ba. Amma da aka buɗe injin, bawuloli sun lanƙwashe, fistan ya farfashe ya huda jikin injin. Babu abin da walda za ta iya.

Shayanzu na gani ya san abin da ya faru. Kafin ya buɗe baki, Auta ya riga shi. Ya ce shi ne ya makara wajen canza giya, shi ya kashe injin Baba. Shayanzu ya yi shiru, ya bar maganar a haka.

Wannan shirun ya fi ƙaryar farko cin ransa. Yana kallo ƙaninsa ya daina raha, ya daina leƙa ƙuryar da motar take. In Inna, mahaifiyarsu, ta ce wa Auta ya yi haƙuri ƙaddara ce, sai Shayanzu ya tashi ya bar wurin.

Wata safiya Auta ya zo da akwatin sifanun Baba, wanda shi aka bar wa, ya ajiye a gaban yayansa.

"Riƙe, Yaya. Kai ka yi aikinka daidai, ni na ɓata. Ban cancanci kayan Baba ba."

Nan Shayanzu ya kasa jurewa. Ya zauna a kan tsohuwar taya, hawaye na zuba, ya faɗi gaskiya: bai gwada ba, yumɓun na can bayan katanga, ko Auta ya canza giya a kan kari injin sai ya mutu.

Auta ya ce, "Inji ƙarfe ne kawai, Yaya. Amma kana gani ina kuka, ka bar ni da laifin."

Inna ta sa baki, Auta ya yafe, suka ci gaba da aiki tare. Sai dai har yau, duk lokacin da Shayanzu ya ce ya ɗaure noti, sifana Auta yake ɗauka ya bi bayansa ya sake gwadawa, Shayanzu kuwa ya sunkuyar da kai ya matsa masa.

Darasin da ke nan shi ne, sauri ya haifi nawa, kuma gwaninta ba ta ɗauke wa mutum dubawa. In ka yi kuskure, ka amsa shi tun da zafinsa, kada ka bari wani ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Ana iya sayen wani inji, amma yardar ɗan'uwa in ta tsage, ko an ɗinke, tabon na nan.