Tasalla Ta Fita Neman Jaki

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wani gari da rijiyoyinsa suka ƙafe, akwai wata tsohuwa, Tasalla. Jakinta ke ɗauko mata ruwa daga rafi mai nisan wuni guda. Rannan jaki ya tsinke igiya ya ɓace, ga shi ruwan randa bai fi moɗa biyu ba.

Ta ɗauki sanda ta bi bayan gari. Tana tafiya, tana tafiya, sai ga kurege.

"Kurege, ka ga jakina?"

"Ban gani ba, Iya. Ni ƙafafuna nake shanyawa, sanyi ya kama su."

"Jaki na tambaye ka, ba ƙafa ba!" Ta wuce.

Tana tafiya, tana tafiya, sai ga hankaka yana gyangyaɗi.

"Hankaka, ka ga jakina?"

"Da wane idon? Kwaɗin gindin dutsen can sun hana ni runtsawa."

"Allah ya ƙara, sarkin surutu!" Ta wuce.

Tana tafiya, maƙogwaro ya bushe, sai ga kunkuru.

"Kunkuru, ka ga jakina?"

"Ban gani ba, Iya. Amma don Allah kankare min bayana, ya yi nauyi."

Ta sa hannu, sai ta ji ɗanyen taɓo. Ta tsaya cak. Ɗanyen taɓo a tsakiyar rani? Ƙafar kurege a jiƙe? Kwaɗi a gindin dutse?

"Malam Kunkuru, daga ina kake?"

"Daga gindin dutsen can. Tun shekaranjiya na taso."

Tasalla ta duba, ashe taku goma ne. Ta zura sanda ƙarƙashin dutsen, ta ɓanɓare wani falale, sai ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai, mai sanyi. Ta sha, ta sha, ta rangaɗa guɗa har gari ya fito da tuluna.

Jaki kuwa? Bayan kwana uku ya dawo da kansa, ya tarar ba mai bukatarsa.

Irin wannan dace, na fita neman abu ka samo wanda ya fi shi don ka lura, Turawa na ce masa serendifiti. Su ma daga wata tsohuwar tatsuniya suka ciro kalmar, mai ba da labarin wasu 'ya'yan sarkin tsibirin da ake kira Sarandib a da.

Saboda haka in kun yi tambaya aka ba ku wata amsa daban, ku saurara tukuna.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙadangare. Ba don ku ba, da ban yi ƙarya ba.