Injin Ɓarar Gyaɗa Mai Hannu Biyu

Dalilin da ya sa injin ɓarar gyaɗa na garinmu, Dutsen Kanya, yake da hannu biyu, alhali na sauran garuruwa hannu ɗaya gare shi, shi ne abin da kuka ishe ni da tambaya tun da aka fara cirar gyaɗa. To, ku matso ku zauna, mai ƙaiƙayin baki ya ɗebi gyaɗa ya toshe shi. Ba kuskuren maƙera ba ne, ba kuma ƙarfe ne ya yi musu yawa ba.

A da can, kafin a san wani abu wai shi inji a garin nan, da hannu ake ɓare gyaɗa. Aikin mata ne, kuma ba wadda ke yin sa ita kaɗai. Da kaka ta yi, an tsige gyaɗa ta bushe, sai mata su ɗauko kwanduna da faya-fayai bayan azahar su nufi gidan wata tsohuwa, Inna Yalwa. Yau a taru a kan gyaɗar gidan wance, gobe a kan ta gidan wance, har a zagaye unguwa. Gidanta aka zaɓa saboda wani ƙaton durumi da ke tsakar gidan, kuma saboda idonta ya tafi tun tana da sauran ƙarfi, ba ta iya zuwa gidan kowa.

Ɓarar gyaɗa ba ta bukatar ido, kuma duk unguwar ba wadda ta kai Inna Yalwa saurin hannu. Tana ɓara tana sauraro. A gindin durumin nan ake jin wadda ta haihu, da wadda ta yi yaji, da wanda akuyarsa ta ci wa maƙwabci rogo. Masu faɗa a nan take sasanta su, mai baƙin ciki kuwa sai an tsokane ta har ta dara. Kakata ta riski wannan zama tana ƙarama, kuma duk lokacin da take ba mu labarinsa sai ta tsaya a tsakiya, don kewarsa ba ta taɓa sakinta ba.

Inna Yalwa tana da ɗa maƙeri, sunansa Nomau. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma doguwar magana da shi. In ta kama dole sai ta ce “Maƙeri”, tana kau da kai. Nomau mutum ne mara yawan magana, amma kansa ba ya hutawa. In ya ga abu yana wahalar da mutane, zai yi ta juya shi a rai har ya samo masa dabara. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yatsun mahaifiyarsa. Duk kaka sai manyan yatsunta sun tsage sun yi jini, har tuwo ma da ƙyar take iya gutsura.

Ya yi ta gwaji a maƙera, ya ɓata ƙarfe ba kaɗan ba, matarsa Azumi har ta fara cewa ko gamo ya yi. Daga ƙarshe ya raba tsohuwar gangar ƙarfe biyu, ya huhhuda gindinta ya zama raga, ya sa mata wani hannu mai haƙora a ƙasa. In an zuba gyaɗa aka ja hannun gaba da baya, sai ɓawo ya farfashe, ƙwaya ta zubo ta ƙasa. Aikin da mata ke yini a kansa, mace ɗaya za ta gama shi kafin tukunya ta tafasa.

A wancan zamani maƙeran garin nan suna da ƙa'ida. Wanda ya fara ƙera sabon abu sai ya kai wa Sarkin Maƙera, a gwada a gaban kowa, ya buga shaidarsa a jiki. Daga ranar ba maƙerin da zai ƙera irinsa sai mai shi ya yarda, kuma in ya yarda yana da rabo a duk wanda aka ƙera. Wanda ya kwaikwaya a ɓoye, a raba shi da masabarsa, wato gudumarsa ta ƙira. Yanzu na ji an ce har ofis ake zuwa a yi wa irin wannan abu rajista, to mu a da uwar maƙera, wato ƙaton ƙarfen nan da ake dukan ƙarfe a kansa, ita ce ofishinmu. Nomau ya kai injinsa gaban Sarkin Maƙera Barmo, aka gwada, aka yi ta salati, ya buga shaidarsa.

Ranar da ya kawo na farko gida, ya kama hannun mahaifiyarsa ya ɗora a kai, ya ce, “Inna, daga yau yatsunki sun huta.” Ta shafa ƙarfen daga sama har ƙasa, ta sa masa albarka.

Kafin wata kakar ta zagayo, kusan kowane gida ya sa an ƙera masa nasa. Kowace mace ta tashi da hantsi ta ɓare gyaɗarta a ƙofar ɗakinta, ta bakace, ta kama wani aikin. Sunan Nomau ya kai garuruwan da shi kansa bai taɓa zuwa ba. Yana ficewa da sassafe, ba ya dawowa sai magariba, yana murna ya cire wa mahaifiyarsa wahala. Kun san maza: bai taɓa zama a gindin durumin nan ba, shi a ganinsa gyaɗa kawai ake ɓarewa a wurin.

Inna Yalwa kuwa, kullum bayan azahar sai ta sa Azumi ta shimfiɗa tabarmi kamar yadda aka saba. Tabarmin su yini ba kowa, da la'asar sakaliya a naɗe su. Ba ta ce wa kowa komai ba. Wa za ta kai wa ƙarar ɗanta na fari, a kan abin da duk gari ke yabonsa? In wani ya leƙo gaisuwa, ita ce kan gaba wajen cewa Allah ya yi wa Maƙeri basira. Yatsunta sun warke sumul, amma abinci ya daina shiga, magana ta ragu, ta soma ramewa.

Wata rana fatar zuga-zugin Nomau ta yage, ya dawo gida da rana tsaka neman abin ɗinki. Yana shigowa ya tarar da ita a gindin durumi, tabarmi a shimfiɗe kewaye da ita, da ɗan kwandon gyaɗa a gabanta. Tana ɓarewa a hankali, ita da ba a taɓa kamo hannunta ba. Da ta ji motsi sai ta ɗago kai, fuskarta ta washe, ta ce, “Tasalla, ke ce? Shigo mana, ga wuri.” Tasalla maƙwabciyarsu ce, kuma babbar abokiyar hirarta.

Nomau ya ce shi ne. Ta sunkuyar da kai, ta jawo gefen zane ta rufe kwandon, ta ce ai ba komai, hannu ne take motsawa. A ɗaki Azumi ta gaya masa gaskiya: tsohuwa ce ta roƙe ta ta ɓoye mata kwandon kada a zuba a inji, tana ɓarewa kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare, kuma ko akuya ce ta taɓa ƙyaure sai ta kira sunan wata. Hankalin Nomau ya tashi ƙwarai. Ya ji kunya, ya ji tsoro, don ya gane kaɗaici na neman kashe masa uwa, kuma shi ya jawo shi da hannunsa.

Ya tura Azumi gida-gida ta roƙi mata su riƙa zuwa hira. Sun zo, don ba wadda ba ta son Inna Yalwa. Amma a garin nan mace ba ta zama a gidan wani hannu rabbana, sai a ce ta zo tsegumi. Suka gaisa, suka zauna suna kallon tafin hannu, wannan ta tuna ta bar tukunya a wuta, waccan ta tuna da ɗanta, wuri ya watse. Ya ce ko za su dawo ɓara da hannu. Tasalla ta yi masa dariya, ta ce shi ma ya ajiye masaba ya koma dukan ƙarfe da dutse.

Nomau ya koma maƙerarsa ya duƙufa a kan wani sabon aiki. Masu jiran inji suka yi ta sintiri, bai ƙera wa kowa ba. Sauran maƙera da suka daɗe suna haɗiyar yawu suka kai kuka wurin Sarkin Maƙera, cewa mutum ɗaya ya riƙe abu, shi bai yi ba, bai bari an yi ba. Sarki ya sa rana, ya ce Nomau ya zo ya faɗi rabon da yake so a sakar wa kowa hannu.

Ranar ta zo, sai ga Nomau da wasu ƙarti sun ɗauko wani inji niƙi-niƙi. Ya ninka na farkon girma, yana cin kwando guda a zubi ɗaya, kuma hannu biyu gare shi, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Wani maƙeri mai ji da ƙarfi ya kama hannu ɗaya ya ja, inji ya karkace ya cije. Sai da wani ya kama ɗayan, wannan ya ja wancan ya tura, sannan ya tafi sumul.

Nomau ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, na yafe rabona. Kowa ya ƙera, ba na son ko ƙusa. Sharaɗina ɗaya ne: daga yau ba wanda zai ƙera mai hannu ɗaya a garin nan, ba kuma wanda zai gyara tsoho in ragarsa ta cinye. Sai irin wannan.”

Maƙera suka ɗauki surutu. Wasu suka ce asarar ƙarfe ce, wasu suka ce wa zai sayi abin da sai ya nemo mutum kafin ya yi aiki da shi. Sarkin Maƙera ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, “Nomau, arzikin da zai ishe ka har jikoki kake zubarwa. Me ya yi zafi?”

Nomau ya ce, “Na ƙera abu don in hutar da uwata, sai ya kwashe mata mutane. Tana can tana kiran sunayen maƙwabta, ba mai amsawa. Ba zan iya mayar da mata ɓara da hannu ba. Abin da zan iya shi ne in sa kowace ta bukaci ’yar’uwarta.”

Sarkin Maƙera ya dubi maƙeran da ke wurin. Shi ma yana da tsohuwa a gida, kuma ba shi kaɗai ba. Ya tashi ya ɗora hannunsa a kan uwar maƙera ya rantse, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, har da masu gunaguni. Rantsuwar maƙeri kuwa ba ta tsayawa a kansa, tana bin duk wanda ya koyi sana'a a hannunsa.

Kada ku ɗauka mata sun yi murna. Sun zagi Nomau son ransu, musamman da ragar ƙananan injinan ta fara cinyewa aka rasa mai gyara. Babban kuwa ba kowane gida ke iya mallakarsa ba, kuma na unguwarsu a gindin durumin Inna Yalwa Nomau ya kafa shi.

Tasalla ce ta fara zuwa, da kwando a ka, tana mita tun daga zaure. Ta zuba gyaɗa, ta kama hannu ɗaya, ta duba hagu da dama, Azumi kuwa ta shige ɗaki da gangan. Sai ta ce, “Inna, ɗanki ya haɗa mu da aiki. Taso ki kama mini.”

Inna Yalwa ta miƙe tana lalube, Tasalla ta kamo hannunta ta ɗora a kan ƙarfen. Suka fara, wannan ta ja waccan ta tura. Ƙarar ta fita har waje, ba a jima ba sai ga wata da kwandonta, ga wata da faifai ta ce bari ta taya bakace kafin layi ya zo kanta. Nomau yana zaure a tsaye, bai shiga ba. Daga nan ya jiyo muryar mahaifiyarsa, da ƙarfinta kamar da, tana cewa, “Ja a hankali, Tasalla, saurin me muke yi? Ɗauko mini labari tun daga bara, ban ji komai ba.” Ya goge idonsa da hannun riga, ya koma maƙera.

Inna Yalwa ta ga kaka da yawa bayan wannan, kuma ranar da ta rasu gidan bai ɗauki matan da suka zo ba. Nomau ya mutu talakan maƙeri, yana ƙera fartanya da lauje har tsufansa. Durumin ma ya faɗi tun kafin a haife ku.

Shi ya sa har yau maƙerin Dutsen Kanya ba ya ƙera injin ɓara mai hannu ɗaya, ko nawa za ka ba shi. Da yawansu ba su ma san dalili ba, in ka tambaya sai su ce haka suka tarar. Kuma shi ya sa in uwarku za ta ɓare gyaɗa sai ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciya, ku kuma ku yi ta jiran abincin da ba ya sauka da wuri.